Yadda Ake Raba Kare da Tsoron Mutane

Kare mai tsoron mutane yakan nuna halinsa ta fuska biyu, ko da yake abin da ke cin sa a ciki ɗaya ne. Akwai wanda da zarar ya ji sallama a zaure sai ya cusa wutsiya tsakanin cinyoyi, ya shige ƙarƙashin mota ko bayan tankin ruwa, ba za a sake ganin ƙeyarsa ba sai baƙo ya tafi. Akwai kuma wanda yakan taso da haushi kamar zai tsinke sarƙa, gashin gadon bayansa a miƙe, amma idan aka lura da kyau za a ga kunnuwansa a kwance suke, nauyin jikinsa kuma yana kan ƙafafun baya, yana zaburowa yana komawa. Na farko shi ake yi wa dariya a ce ragon kare ne, na biyu kuwa a yaba wa mai shi a ce ya dace da kare mai zafi, alhali dukansu abu ɗaya suke nema, wato a yi nesa da su. Na biyun ne ma ya fi hatsari, domin ya riga ya gano cewa idan ya yi haushi ya bayyana haƙora mutane suna ja da baya, kuma ranar da haushin bai biya masa buƙata ba, cizo ne zai biyo baya.

Idan aka ga kare yana tsoro, abin da aka fi cewa shi ne an taɓa cutar da shi, kuma sau da yawa haka ɗin ne, musamman a garuruwanmu inda da wuya kare ya gifta a unguwa yara ba su bi shi da jifa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Karen da ya sha dutse da danƙo kuwa, ko sunkuyawa mutum ya yi don ya gyara takalmi sai ya zabura. Sai dai akwai karnuka da yawa da ba wanda ya taɓa dukan su, rashin sabo da mutane tun suna ƙanana ne ya jawo musu. Ɗan kwikwiyo yana da ɗan lokaci, daga kamar mako 3 zuwa mako 12 ko 14 da haihuwa, da yake karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin da aka saba da shi; bayan wannan lokaci sai ya fara ɗari-ɗari da duk wani baƙon abu. A shekarar 1961 wasu masu bincike a cibiyar Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka suka wallafa sakamakon wani gwaji da ya fito da wannan a fili. Sun bar 'yan kwikwiyo tare da uwayensu a fili mai shinge ba tare da cuɗanya da mutane ba, suna ɗauko wasu a makonni daban-daban su yi mako guda ana wasa da su sannan a mayar. Waɗanda aka ɗauko da wuri sun saba da mutane, amma waɗanda ba a taɓa ba sai da suka kai mako 14 sun tashi tamkar namun daji. Wannan ne ya sa kwikwiyon da aka haifa a kango ko a ƙarƙashin kwalbati, aka kawo shi gida yana da wata huɗu, yakan fi wahalar sha'ani. Akwai kuma gado, domin karya mai firgici takan haifi 'ya'ya masu firgici.

Abin da za a fara yi shi ne a nemi likitan dabbobi ya duba shi. Karen da kunnensa ke ruwa, ko haƙorinsa ke ciwo, ko gaɓoɓinsa suka yi tsami, ko ganinsa ya ragu, yakan guji hannun mutum ne saboda taɓawar tana yi masa zafi, kuma babu horon da zai yi tasiri muddin ciwon yana nan. Wani abu da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne canjin hali na farat ɗaya. Idan kare mai sakin jiki ya wayi gari yana ɓuya, ko yana kai cizo ba dalili, ko yana dalalar da yawu ya kasa haɗiya, to a killace shi kada kowa ya taɓa shi, a kira likita nan take, domin waɗannan suna daga cikin alamun ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa da wannan cuta daga kare suke samun ta. Saboda haka kada a fara gayyato mutane su taya horo sai an tabbatar an yi wa karen allurar rigakafi. Ana fara yin ta ne yana da wata 3, kuma a Nijeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu sarrafa ta.

Bayan likita, sai a toshe hanyar da tsoron ke ƙaruwa. Duk lokacin da kare ya firgita, tsoron ƙara zama yake yi a zuciyarsa, don haka horon minti 10 da safe ba zai yi amfani ba idan da yamma yaran maƙwabta za su hau katanga suna tsokanar sa. Babban abin da ke ɓata karnuka a gidajenmu shi ne ɗaure su da gajeriyar sarƙa a bakin ƙofa, inda kowa zai wuce ta gabansu. Dabbar da ta ji tsoro gudu take fara nema, to idan sarƙa ta hana ta gudu, ba abin da ya rage mata sai haƙora. A sauya masa wuri zuwa wani lungu na bayan gida mai inuwa da ruwan sha, a kewaye shi da waya ko langa-langa, a sa masa buhu ko tsohuwar tabarma, a kuma kafa doka ga kowa a gidan cewa idan kare ya shiga nan ba mai bin sa, ba mai jawo shi. Idan ana sa ran baƙi, a shigar da shi tun kafin su iso. A bar shi ya yi kamar mako biyu a haka ba tare da wani abu ya tayar masa da hankali ba, a riƙa ba shi abinci a kan lokaci ɗaya kullum, domin karen da ya san abin da zai faru a yininsa ya fi samun natsuwa.

Idan karen har mai gidan yake tsoro, kamar wanda aka tsinto ko aka karɓo daga wani hannu, to daga nan aikin zai fara. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ciyar da shi. Ya riƙa zuwa da kujera 'yar tsugunno ya zauna nesa kaɗan, ya juya masa gefen jikinsa, ya saurari rediyo ko ya yi wani aikin hannu, can ya jefa masa 'yar tsoka ba tare da ya dube shi ba, bayan minti kaɗan ya tashi a hankali ya tafi abinsa. Kada ya kira shi, kada ya miƙa masa hannu. Wannan zama da ake gani kamar ɓata lokaci shi ne ginshiƙin komai, domin sai karen ya yarda da mutum ɗaya kafin a yi maganar sauran jama'a.

A cikin waɗannan kwanaki ne mai kare zai koyi karanta jikin karensa, abin da duk sauran aikin ya dogara a kai. Kafin kare ya kai ga gurnani yakan yi ta ba da ƙananan alamu waɗanda ba kowa ke kula da su ba. Yakan lashi hancinsa da sauri alhali ba abinci a kusa, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya kau da kai gefe yana satar kallo har a ga farin idonsa, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ko ya kama haki ba zafi ba gudu. Mafi muni a cikinsu shi ne sandarewa: ya rufe baki, ya tsaya cik kamar gunki, idonsa a kan mutum. Wanda ya ga haka ya ja da baya ba tare da ɓata lokaci ba. Kaɗa wutsiya ma ba kullum take nufin murna ba. Idan tana ƙasa-ƙasa tana kaɗawa da sauri jiki kuma a ɗaure, fargaba ce.

Sai kuma abin da za a yi horon da shi, wato abinci mai daɗin da karen ba ya samu a sauran lokuta. Dafaffiyar hanta da aka yayyanka kamar ƙwayar gyaɗa ta fi komai a wurina, sai tsokar kaza, dafaffen ƙwai, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Kada a yi amfani da tsire ko kilishi ko naman miya, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, yaji da gishiri kuma ba su dace da shi ba. Haka nan inabi da zabibi da cakulan guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya soke shi a maƙogwaro ko hanji. A yi horon kafin a ba shi abincinsa na yini, lokacin da yake ɗan jin yunwa, amma kada a horar da shi da yunwa don a tilasta masa.

Dabarar kanta ta samo tushe ne daga abin da masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya nuna fiye da shekara ɗari da suka wuce, cewa idan wani abu ya riƙa zuwa kullum gab da abinci, jikin kare yakan fara amsa shi kamar yadda yake amsa abincin. Abin da ake so shi ne ganin baƙo ya zama albishir na hanta. A samu wani mai haƙuri wanda zai bi umarni, a fita da karen da igiya mai ɗan tsawo zuwa fili mai sarari, mataimakin ya ɓullo daga nesa. Yaya nisan zai kasance? Karen ne zai faɗa. Idan ya hango mutumin amma ya karɓi nama ya ci jikinsa a sake, nisan ya yi. Idan ya ƙi ci, ko ya wafce naman da ƙarfi har haƙoransa suka taɓa yatsu, ko ya kafe mutumin da ido, to an matso da yawa, sai a ƙara ja baya, ko da kuwa zai kai mita 30. Tsarin da za a kiyaye shi ne mutumin ya fara bayyana, karen ya gan shi, sannan mai kare ya shiga ba shi nama ɗaya bayan ɗaya. Da mutumin ya ɓace a bayan katanga sai naman ya tsaya. Idan aka juya tsarin, aka fito da nama kafin mutumin ya bayyana, karen zai iya koyon cewa ƙanshin hanta alama ce ta abin tsoro yana tafe, har ya fara ƙin ta. A maimaita haka sau 5 zuwa 10, a tashi tun karen bai gaji ba. Minti 5 kullum sun fi awa guda a mako.

Akwai alamar da ke nuna aikin ya fara kamawa, kuma duk wanda ya gan ta sau ɗaya ba ya mantawa: mutumin zai ɓullo, karen ya dube shi, sai ya waiwayo ya dubi hannun mai shi da sauri, kamar mai cewa ga shi can, ina nawa? Idan ya yi haka a jere a zama biyu ko uku, sai a rage nisan da taku biyu kacal. Haka za a yi ta tafiya, kuma duk ranar da aka ga ya koma ɗari-ɗari a koma nisan da ya gabata.

Idan an kai matsayin da mataimakin zai iya tsayawa a nisan taku biyar ko shida, sai shi ya karɓi jifan naman. Ya tsaya ko ya tsuguna a karkace, kada ya fuskanci karen gaba da gaba, kada ya haɗa ido da shi, kada ya yi masa magana, kada kuma ya sunkuyo a kansa. Ya jefa naman ta ƙasa-ƙasa, ba tare da ɗaga hannu sama kamar mai jifa ba, kuma ya jefa shi can bayan karen, yadda sai ya juya ya ƙara nisa kafin ya ɗauka. Mutane sukan yi mamakin wannan, suna ganin ai kamata ya yi a jawo shi kusa. Hikimar ita ce karen yana samun lada biyu a lokaci ɗaya, ga nama ga sarari, sannan idan ya cinye shi da kansa zai dawo ya tsaya inda hankalinsa ya kwanta, kuma a hankali za a ga wurin tsayuwar tasa yana matsowa.

A nan na taɓa yin kuskuren da ya mayar da ni baya. Ina da wani baƙin kare da muke kira Duna, wanda na karɓo yana da kamar wata shida, ya tashi a ɗaure a bayan wani garejin gyaran mota. Bayan mako uku muna aiki har ya fara tsayawa kusa da wani ƙanena da ke taya ni, sai na ƙosa na ce wa yaron ya ɗora hantar a tafin hannunsa ya miƙa masa. Duna ya miƙo wuya iya tsawonsa, ƙafafunsa na baya a kafe can nesa, cikinsa kusan yana taɓa ƙasa, ya ɗauke naman. Da ya haɗiye sai ya ɗaga kai ya ga kansa a gaban mutum, kusa fiye da yadda ya taɓa yarda. Yaron ya ɗan motsa gwiwa, sai kawai muka ji haƙora sun haɗu a iska kusa da yatsunsa. Kwaɗayi ne ya jawo shi inda zuciyarsa ba ta kai ba. Sai da muka ƙara kwana goma kafin ya sake yarda ya tsaya a nisan da yake tsayawa a da. Tun daga ranar ba na barin baƙo ya ba kare mai tsoro abinci a hannu.

Wata rana karen zai matso da kansa ya shinshina ƙafar mataimakin ko gefen rigarsa. Wannan bincike yake yi, bai ce a taɓa shi ba, don haka mutumin ya tsaya shiru ya bar shi ya gama ya tafi. Idan har ana so a kai ga shafawa, sai lokacin da karen ya zo jiki a sake yana goga kafaɗarsa; a shafa ƙirjinsa ko gefen wuyansa na daƙiƙa 3, a janye hannu, a ga ko zai nemi ƙari ko zai tafi. Ba a ɗora masa hannu a ka, ba a rungumar sa. A gaskiya ma a yawancin gidajenmu ba a buƙatar wannan mataki, tun da mutane da yawa ba sa son kare ya taɓa jikinsu ko tufafinsu saboda sha'anin tsarki, kuma ga kare mai tsoro wannan gata ne, domin baƙon da ya yi kamar bai gan shi ba shi ne ya fi so. Abin da ake nema kawai shi ne mutum ya shigo ya wuce, kare yana kwance bai firgita ba.

Sabo da mutum ɗaya ba ya nufin sabo da kowa. Kare yana bambanta mace da namiji, kuma galibi maza ya fi tsoro saboda girman jiki da kaurin murya. Mutumin da ya saba da shi cikin riga da wando zai iya zame masa baƙo ranar Juma'a idan ya sha babbar riga da rawani. Saboda haka a sake bin matakan da mutane iri-iri, kowane daga nesa: mace mai dogon hijabi da iska ke kaɗawa, dattijo mai sanda, ɗan acaɓa da hular kwano, ɗan garuwa da kurarsa mai ƙara. Sabo da mutum na biyu yakan fi na farko sauri, na biyar kuma ya fi na biyu. Yara su ne na ƙarshe, saboda gudu da ihu da motsin da ba a iya hasashe, kuma su ne aka fi cizo a fuska saboda tsayinsu daidai da bakin kare yake. A fara da yaro mai hankali yana zaune a bayan shinge, kuma kada a taɓa barin ƙaramin yaro shi kaɗai da kare mai tsoro, komai ci gaban da aka samu.

Idan kare ya yi gurnani, kada a doke shi, kada a daka masa tsawa. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi da bulala bai daina tsoro ba, ya dai koyi yin cizo ba sanarwa. A janye shi daga wurin, a kuma tambayi kai me aka yi da sauri. Haka nan shawarar nan da ake bayarwa, cewa a kai shi tsakiyar kasuwa a ɗaure zai saba dole, ba ta da kyau. Wasu karnukan sukan yi lakwas a irin wannan hali har a zaci sun warke, alhali sun fid da rai da tsira ne. Lallashi kuwa ba ya ƙara tsoro kamar yadda wasu ke zato. Idan ya raɓe a jikin mai shi, babu laifi a yi masa magana da murya mai taushi, a tsaya tsakaninsa da abin da yake tsoro.

Karen da ya taɓa cizo, ko yake kai hari, yana buƙatar takunkumi irin mai kama da kwando, wanda zai iya haki da shan ruwa da karɓar nama a cikinsa. Irin na ƙyalle da ke ɗaure baki gam yana da hatsari a zafin ƙasarmu, domin da haki kare yake sanyaya jikinsa. A saba masa da shi a kwanaki, ana sa nama a ciki yana cusa hancinsa da kansa, kafin a fara ɗaurawa. Idan tsoron ya yi tsanani har ba a samun nisan da zai iya cin abinci, likita zai iya rubuta masa magani irin su fluoxetine ko clomipramine, waɗanda sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga tasirinsu, kuma tare da horo ake amfani da su. Kada a sayo ƙwayar barci a kemis a ba shi, kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, domin yana iya lalata masa ciki da ƙoda. Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da an yi wa karen rigakafi.

Masu ajiye kare don gadi sukan yi fargabar cewa idan ya daina tsoron mutane zai daina aiki. Abin da na gani akasin haka ne. Kare mai tsoro yana yi wa kowa haushi, da almajiri da mai karanta mita da surukar gida, har mutanen gidan su daina kula da haushinsa, kuma idan ɓarawo ya ɗaga sanda shi ne na farkon gudu. Wanda hankalinsa ke kwance ya san shige da ficen rana, don haka idan ya yi haushi da tsakar dare kowa ya san akwai dalili.

Tsawon lokacin da aikin zai ɗauka ya danganta da shekarun karen da zurfin tsoronsa. Wani makonni, wani watanni, kuma wanda ya wuce lokacin sabo yana ƙarami ba lallai ne ya zama mai son jama'a ba har abada. Duna ya ɗauke mu kusan wata biyar. Yanzu idan ɗan garuwa ya shigo yakan ɗaga kai daga gindin dalbejiya ya bi shi da kallo har ya juye ruwan ya fita, sannan ya mayar da haɓarsa kan ƙafafunsa. Ranar Sallah kuwa, ko ranar suna, da gida ke cika da yara da hayaniya, tun da sassafe nake shigar da shi lungunsa da ruwa da ɗanyen ƙashin saniya babba da zai yi ta gwaguya, in ja ƙofar in sa sakata, sai bayan Isha'i da ƙafa ta ɗauke nake buɗe masa.